Inshorar da Xiang Baoquan Ya Sayar Mana

Kwana tara kafin a fara tsinkar lemun hunturu, Qu Meiju ta shigo gidana da takardu a cikin leda. Ba ta zauna ba. Ta ajiye su a kan tebur ta ce, "Malama Du, ki karanta mini. Bana ni zan tsaya a ƙarƙashin jirgin. Ina so in san ko takardar nan ta san da ni."

Mijinta, Tan Shouli, yana da jirgi mara matuƙi, irin manyan nan da ke sauko da kwandunan lemu daga kan tudu zuwa bakin titi. Shi yana tsaye can nesa da akwatin tuƙi a hannu, wani kuma yana jira a ƙasa don ya kwance kwando daga ƙugiya idan jirgin ya iso. Mutumin da ke yi masa wannan aikin ya koma birni, shi ya sa abin ya faɗo kan matarsa. Takardun na inshorar jirgin ne, waɗanda za a sa wa hannu ranar Asabar. A ƙasan shafin farko akwai jan hatimin wakili, da sunan mutumin da na sani tun yana ɗan shekara goma sha uku: Xiang Baoquan.

Shekara uku na koya masa lissafi a makarantar gunduma. Ba daƙiƙi ba ne, ba kuma haziƙi ba. Abin da nake tunawa shi ne bai taɓa faɗa da kowa ba, bai kuma taɓa yin aikin gida da kansa ba. Kullum akwai mai yi masa, kuma mai yi masan sai ya riƙa jin kamar shi aka yi wa alheri. Mahaifinsa ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, ya ɗauki lemu a kafaɗa har bayansa ya tanƙware. Baoquan ya dubi bayan nan ya ƙudura cewa shi ba zai ɗauki abin da ya fi jakar hannu nauyi ba, kuma har yau bai ɗauka ba.

Ya sayar da katin waya, ya sayar da takin zamani, ya sayar da wani maganin ciwon gwiwa da ya sa tsofaffin ƙauyuka biyu gudawa. Da ya samu inshora sai ya zauna. Ya fara da ta aladu, ya koma ta babura, ya haɗa da ta rufin gida. Yadda yake aiki bai taɓa sauyawa ba. Ba ya zuwa da takarda, da kwalin sigari yake zuwa. Ya san ranar haihuwar uwar kowa. Idan biki ne shi ne farkon isowa, idan rasuwa ce shi ke jera kujeru. Duk wanda ya girme shi yayansa ne ko kawunsa, duk mace innarsa ce. Takarda sai daga baya take fitowa, bayan an ci an sha fuska ta yi ja, ya nuna da yatsa: nan, da nan, da nan.

Shekara shida ke nan da jiragen suka shigo kwarinmu na Liulinpo. Ban ga laifinsu ba. Abin da ɗan dako ke saukowa da shi a awa guda, jirgi na kawowa a minti biyu, kuma 'yan dakon ma sun tsufa, 'ya'yansu ba sa so. Masu sayen lemu suka ce ba za su yi aiki da jirgin da ba shi da inshora ba. Baoquan ya sayi sabuwar jaka.

Wadda yake sayar wa masu jirage sunanta inshorar mutum na uku. A bakinmu, kalmar da kamfanoni ke kiran na uku da ita, ita ce dai ake kiran kwarto ko farka da ita, wanda ya shiga tsakanin miji da mata. Da wannan kalmar Baoquan ya ci abinci shekara shida.

"Yaya, sayi ta na uku!" yakan ce. "Kai kana kan tudu ido a sama, wa ke duba maka gida? In na uku ya shigo, kamfani zai biya!"

A fashe da dariya, a bugi tebur, a sa hannu. Ban san mutum ɗaya da ya jira dariyar ta lafa ya tambayi wane ne na ukun ba. Amsar tana shafi na huɗu, a ƙananan baƙaƙe. Na uku shi ne duk wanda jirgin ya ji wa ciwo, ban da mai jirgin, ban da iyalinsa, ban da masu yi masa aiki. Wato ban da kusan duk wanda ke da dalilin tsayawa a ƙarƙashinsa.

Ni ma ban karanta shafin ba sai bayan an makara.

'Yata Jinghe ma'aikaciyar awon ƙasa ce a birni. Tana jaririya ta yi ta ciwo, surukata ta ce a nema mata busasshen uba, wato uba na al'ada ba na jini ba, kamar yadda aka saba, namiji ƙaƙƙarfa mai yawan 'yan'uwa, don ciwo ya ruɗe ya rasa 'yar wa zai kama. Na yi jami'a, ban yarda da wannan ba, amma ban hana ba. Aka zaɓi Tan Shouli, wanda a lokacin saurayi ne mai ɗaukar kwando biyu a tafiya ɗaya. Ya ba ta kwano da sandunan cin abinci, aka dafa taliya aka ci. Ta girma tana ce masa Baba, yana ce mata 'yata. Ba jini tsakaninsu, ba takarda.

Shekara biyu da suka wuce, ranar sha ɗaya ga Disamba, ta zo hutun kwana uku. Tana da shekara talatin da ɗaya. Da ƙarfe goma da kwata na safe tana bin hanyar ƙafa zuwa gonarmu, igiyar jirgin Tan ta zame daga ƙugiya. Jirage huɗu ne ke kai da komo a sama ranar, ba wanda ke ɗaga kai kuma. Kwandon kilo sittin ne.

Baoquan ya riga motar asibiti isowa. Waɗanda ke wurin sun ce ya tarar da Tan zaune a ƙasa yana dukan kansa, ya dafa shi, sannan ya fito da fam ɗin rahoton farko ya ɗora a kan jakarsa. A fam ɗin akwai gurbin da ke tambayar dangantakar wanda ya ji ciwo da mai jirgi.

"Yaya Tan," ya ce, "mece ce ita a wurinka?"

"'Yata ce! Kai ma ka sani, Baoquan, 'yata ce! Na kashe 'yata!"

Babu mutumin kirki a kwarin nan da zai ba da wata amsa ban da wannan. Da Tan ya ce ita ba kowa ba ce a wurinsa, da ba wanda zai ƙara cin abinci a gidansa. Baoquan ya rubuta: 'ya. Bai ƙara busasshiya ba. Yana ajina a shekarar da aka ba Tan Jinghe, kuma yana cikin yaran da suka ci taliyar a tsakar gidanmu.

Asibitin gunduma suka ce a kai ta babban asibitin lardi, can kuma sai an ajiye kuɗi masu kauri kafin ta samu ɗakin da take buƙata. Inshorar tana da sharaɗin sakin kuɗin gaggawa cikin kwana biyu. Kamfanin ya duba fam ya ce 'yar mai jirgi ba ta uku ba ce. Muka haɗa kuɗin da kanmu, ya ɗauke mu kwana shida. Ta rasu a rana ta goma sha tara. Ba na cewa kwana huɗun nan na tsakani ne suka kashe ta. Na tambayi likitoci uku. Ba wanda ya ce su ne, ba kuma wanda ya ce ba su ba ne.

A cikin kwana shidan na je ofishin Baoquan sau biyu.

"Ka gyara kalmar," na ce. "Ka san 'yar wace ce."

"Haba Malama, wa bai sani ba? Zauna tukuna, kin ci abinci kuwa? Abin ya riga ya shiga na'ura, yana wurin na sama. Ni ɗin wane ne? Ƙaramin mutum. Na rantse tun safe nake kiransu, dubi, wayar ma ta yi zafi."

Sai da aka yi wata goma sha huɗu da zaman kotu biyu kafin a goge kalmar. A cikin takardun da aka gabatar na ga cewa wakili yakan sami ƙarin lada a ƙarshen shekara idan ba a biya diyya mai yawa a yankinsa ba. Ban san abin da ke ransa ba ranar a kan tudu, kuma ba zan ƙirƙira ba. Rubutunsa dai na sani, shekara uku ina duba shi. Hannun da ya cika fam ɗin bai yi rawa ba.

Ranar jana'iza nasa furannin ne mafi girma, da sunansa da lambar wayarsa a jikin ƙyallen. Ya jera kujeru. Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, na ga hawayen da idona. Da ƙarya yake yi da na fi samun sauƙi. Mutum ne da ke iya jin tausayinka har cikin ransa alhali hannunsa na cikin aikinsa.

Tan bai tashi jirgi ba a shekarar da ta biyo. Ya sayar da tsohon don ba ya iya kallonsa. Rabin lemunsa ya ruɓe a kan tudu, na maƙwabtan da ke dogara da shi ma haka. Bana ya sayi sabo. Yana zuwa kabarin Jinghe fiye da ni, kuma ban taɓa riƙe shi a zuci ba.

Na karanta takardun Meiju sau biyu da fensir a hannu, tana tsaye tana jira.

"Babu ke a ciki," na ce. "Ke matarsa ce, an cire ki. Ke ce mai yi masa aiki, an sake cire ki."

"To wa ke ciki?"

"Akuyar maƙwabci ce ya kamata ta kasance ciki. Amma ita ma babu. Kawo lambar sabon jirgin."

Ta nuna mini hoton farantin a wayarta. Lambar da ke takarda ta tsohon jirgi ce, wanda yanzu ke feshin shinkafa a wani lardin. Baoquan ya kwafe takardar bara waccan ne kawai ya sauya kwanan wata.

"Ɗan banza!" in ji Meiju. "Shekara ashirin yana cin naman gidana! Ranar da Shouli ya kawo sabon jirgin har hoto ya ɗauka a jikinsa, ya ɗaga yatsa biyu kamar shi ya ƙera." Ta mayar da takardun cikin leda. "Malama, ki zo ranar Asabar. Ba sai kin yi magana ba. Ki zauna kawai ya gan ki."

Liyafar sa hannu Baoquan ke shiryawa kowace shekara, da tsakar rana, a gidan abincin da ke bakin kogi. Masu jirgi goma sha ɗaya ne, wasu da matansu, tebur biyu. An kawo kifi da barkono, da naman alade mai hayaƙi, da giyar dawa. Da ya hango ni bai ko ƙifta ido ba.

"Malamata! Kai, yau rana ta fito daga yamma! Ku tashi, ku ba Malama kujerar sama. Ita ta koya mini biyu da biyu, duk abin da na zama ita ce."

Aka ci. Ya zaga da kwalba yana cika wa kowa, yana tambayar ƙafar wannan da jikan wancan. Da ya ga lokaci ya yi sai ya buɗe jaka. Ya fara, "To 'yan'uwa, ta na uku," ya dube ni, ya haɗiye sauran.

Meiju ta miƙe. "Baoquan, tambaya gare ni."

"Yaya Meiju, tambayi goma."

"In kwando ya faɗo a kaina, nawa za ka ba Shouli?"

"Tir! Tofar da yawu, ana cin abinci! Ai kwandon da ya gan ki komawa zai yi sama don tsoro."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. "Nawa?"

"Ai ya danganta."

"Shafi na huɗu, layi na bakwai," na ce. "Bai danganta da komai ba." Na dubi matan da ke tebur na biyu. Uku daga cikinsu su ke kwance wa mazansu kwando. "Babu ko ɗayanku a ciki. Kowa kuma ya duba lambar jirginsa kafin ya sa hannu. Ta Shouli ba tasa ba ce."

Mazan suka haɗe fuska. Ba Baoquan suke jin haushi ba, ni suke ji. Tsoho Ran, wanda ya fi su shekaru kuma yake da jirage biyu, ya ajiye kofinsa.

"Malama, abin da ya same ki ya same mu duka. Amma ba kullum kwando ke faɗowa ba. Yaron nan namu ne, muna cin abincinsa, bai dace a kunyata shi a teburinsa ba."

"Kawu Ran," in ji Meiju, "matarka ce ke tsayawa a ƙasa ko kai?"

"Shekara biyar tana tsayawa, ko ganye bai taɓa faɗo mata ba."

Matar tasa ta ci gaba da cire ƙaya daga kifi, ba ta ɗago ba.

Na zaci Baoquan zai yi fushi, ko ya musa. Ya fi ni sanin sana'arsa. Ya bugi goshinsa da tafin hannu. "Lamba! Kai, tsufa ya fara kama ni. Yaya Tan, a gafarce ni, Litinin zan gyara. Maganar su Yaya Meiju kuwa, akwai mana! Akwai ta ma'aikacin ƙasa, da suna ake yi, mutum da katin shaidarsa. Tun fil azal tana nan."

"To me ya hana ka faɗa?" Tan ne ya yi tambayar. Shi ne karon farko da ya buɗe baki.

"Ba wanda ya tambaya, Yaya. Ku da kanku kullum cewa kuke a rage muku. In na ƙara muku kuɗin kwando biyu na lemu, ku ce Baoquan ya zama ɓarawo, ku koma saya a waya."

Wannan ba ƙarya ba ce, kuma duk sun sani. Mutum takwas suka sa hannu a tsohuwar takarda nan take, da maiƙo a yatsunsu, wasu ba su ko duba lambar ba don kada a ce suna zarginsa. Biyu suka ce za su yi shawara. Tan ya tura tasa gefe ya ce sai ya ga lambar jirginsa da sunan matarsa.

Ta ma'aikacin ƙasa ba ta fara aiki sai bayan mako guda da biya. Ranar Litinin aka biya, an kuma fara tsinka ranar Juma'a. Motocin masu saye suka jeru a titi, jirage na ta sauko da lemun kowa, jirgin Tan yana ajiye a rumfa. Ranar Asabar Tan ya fara cewa ai kwana biyu ne suka rage, me zai faru a kwana biyu, farashin farko ne mai kyau. Meiju ta kwashe baturan jirgin ta kulle a ɗakin kwana, ta rataya makullin a wuya. Maƙwabta sun ce an ji muryoyinsu har bakin kogi. Ita ta yi nasara.

Ranar Litinin da safe na hau tudun da tabarau. Na durƙusa na karanta farantin jirgin baƙi bayan baƙi, na gwada da takarda. Na duba sunan Meiju, na duba lambar katinta, na duba kwanan wata da aikin da aka rubuta jirgin zai yi, da iyakar abin da za a biya. Ba ta kai abin da ya kamata ba, na faɗa musu, amma ba banza ba ce. Meiju ta cire makullin daga wuya ta miƙa wa mijinta. Da ƙarfe takwas ta tsaya a bakin titi da hular kwano, kwandon farko ya sauko ta kwance shi.

Bayan mako guda wata tsohuwar ɗalibata ta turo mini saƙon murya da ke yawo a zaurukan waya na ƙauyukan kwarin. Muryar Baoquan ce, ya sassauta ta kamar mai ta'aziyya. "'Yan'uwana masu jirgi, kun san abin da ya sami Jinghe, 'yar Malama Du. Har yau ba na barci. Kada a sake. Ku sa matanku a inshorar ma'aikacin ƙasa. Ku kira ƙanenku Baoquan, ko ina kuke zan zo."

Jinghe ba ma'aikaciyar ƙasa ba ce, kuma wannan inshorar da ba ta yi mata komai ba. Ya san haka. Na je ofishinsa na ce ya cire sunanta.

"Yanzu kuwa, Malama, in dai ranki bai so ba." A gabana ya sake ɗaukar saƙon, ya ce 'yar wata malama da duk muka sani. Ya ajiye wayar. "Amma ki duba, rayuka fa take ceta. Arba'in da ɗaya na yi a kwana shida. Har Kawu Ran ya sa matarsa jiya. Kamfani ma sun kira sun ce za su ba ni takardar yabo."

Mata arba'in da ɗaya da ba sa cikin kowace takarda, yanzu suna ciki. Na tsaya a bakin ƙofa ina neman abin da zan faɗa masa wanda zai zama gaskiya kuma ya yi masa ciwo, ban samu ba. An yi yayyafi da safe, matakalar ofishin ta jiƙe. Ya rako ni har titi yana riƙe da gwiwar hannuna kada in zame.